Tsohuwar Rigimar da ke Bayan Ƙofa ta 7687

Mai rubuta manhajar intanet a yau, idan aka ce ya haɗa ɓangaren bayan fage na manhajarsa da rumbun bayanai irin na ƙulli da zare, aikin ba ya cin rabin awa. Zai sauke direba, ya rubuta adireshin rumbun da lambar ƙofa 7687, ya ba da suna da kalmar sirri, ya buɗe zama, ya aika tambaya. Shi ke nan. Yaran da nake koya wa aiki sukan gama kafin shayinsu ya huce, su juyo su ce, "Oga, sai me kuma?" Nakan ce musu waɗannan 'yan layuka da suka rubuta takardar sulhu ce, kuma an shafe fiye da shekara 50 ana kai ruwa rana kafin a sa mata hannu.

Rumbun da nake nufi, wanda 'yan sana'a ke kira giraf databes, abu biyu kawai ya sani. Akwai ƙulli, wato mutum ko kamfani ko lambar waya ko asusun banki. Akwai kuma zare, abin da ya haɗa ƙulli biyu: wane ya mallaki wancan, wance ta tura wa wane kuɗi. Wanda ya zauna gaban malamin hadisi ba zai ga baƙon abu a nan ba, don haka isnadi yake, wane ya ji daga wane, shi kuma daga wane, mai tantancewa yana bin zaren har ya ga inda ya tsinke.

Kowane littafin wannan fanni da Königsberg yake farawa, ni ma ba zan tsallake ta ba, amma ba zan yada zango ba. Birni ne na ƙasar Prussia wanda kogin Pregel ya raba kashi huɗu, gadoji bakwai suka haɗa kashe-kashen. Mutanen garin suna tambayar ko mutum zai iya zagaye shi ya bi ta kan kowace gada sau ɗaya tak. Leonhard Euler, ɗan birnin Basel da ke aiki a Saint Petersburg, ya gabatar da amsa a 1735. Ya watsar da tituna da gidaje da tsawon gadojin, ya sa wa kowane yanki babban baƙi, kowace gada ƙaramin baƙi, ya ƙirga. Tsibirin Kneiphof gada 5 ke shigarsa, sauran yankunan uku kowanne 3. Duk wurin da mutum zai ratsa, sai ya shiga ta wata gada ya fita ta wata, saboda haka dole adadin gadojinsa ya zama cika; mafari da maƙura kaɗai ake yi wa uzuri su zama mara. To a Königsberg yankunan huɗu duka mara ne. Tafiyar ba za ta yiwu ba. Garin kansa ya sha ruwan bama-baman Birtaniya a 1944, sojojin Tarayyar Sobiyet suka kama shi a 1945, tun 1946 kuma sunansa Kaliningrad.

Sai dai Euler bai taɓa ajiye wa kowa bayanai ba. Idan ana neman kakan sana'armu na ainihi, Charles Bachman ne, injiniya ɗan Amurka da ya fara aiki da General Electric a 1960. Kafin zamaninsa, kwamfutoci a kan kaset mai maganaɗisu suke ajiya, kuma kaset ba ya yarda a tsallake: kana neman rikodi na ƙarshe, sai ka warware naɗin duka. Faifai ne ya sauya wannan. IBM ta fitar da RAMAC a 1956, na'ura mai girman gaske wadda ke ɗaukar haruffa kusan miliyan 5 kacal, amma tana iya kai hannu ko'ina kai tsaye idan ta san adireshi. Bachman ya ga abin da wannan ke nufi ga masana'anta, inda na'ura ɗaya ke da sassa, kowane sashe yana da nasa ƙananan sassan, kowanne kuma daga wajen wani ɗan kwangila yake zuwa. A farkon shekarun 1960 ya gina tsarin da aka kira IDS. Dabararsa ita ce kowane rikodi ya riƙe adireshin na gaba da shi. Rikodin abokin ciniki yana nuna odarsa ta farko, ta farko tana nuna ta biyu, haka har ta ƙarshe ta komo kan mai su, sarƙa ta zama zobe. Mai rubuta manhaja sai ya bi: nemo wannan mutum, shiga sarƙar odojinsa, ɗauko ta gaba, ɗauko ta gaba, hau zuwa ga mai ita. A kan injunan wancan lokaci masu ƙaramar ƙwaƙwalwa, saurin abin ya ba mutane mamaki. Kwamitin CODASYL, wanda ya haifi harshen COBOL, ya ɗauki tsarin ya fitar da rahotanni a kansa a 1969 da 1971. A 1973 aka ba Bachman lambar yabo ta Turing, mafi girma a fannin, alhali ba shi da digirin dakta, a kamfani ya yi rayuwarsa. Jawabinsa na karɓar lambar ya siffanta mai rubuta manhaja da matuƙin jirgin ruwa da ke nemo hanya a cikin bayanai.

A nan kuwa gizo yake saƙar. Hanyar tana cikin kan matuƙin, kuma a kafe take cikin manhajar da ya rubuta. Aka sauya tsarin sarƙa ɗaya, duk manhajojin da ke bin ta sai an sake su. Manaja ya zo da tambayar da ba a yi tunaninta ba ranar da aka tsara sarƙoƙin, sai a ce ya jira. Wanda ya tsara ya bar aiki, magajinsa ya gaji hanyar da bai san dalilin lanƙwasarta ba.

Mutumin da wannan ya fi ɓata wa rai shi ne Edgar Codd, ɗan Ingila, masanin lissafi da ya yi karatu a Oxford, ya tuƙa jirgin sama a yaƙin duniya na biyu, sannan ya kama aiki da IBM. A watan Yunin 1970 ya buga takarda a mujallar Communications of the ACM yana cewa a daina tilasta wa mai neman bayani sanin yadda aka jera shi a cikin inji. A zuba komai a tebur mai layuka da ginshiƙai, ba adireshi, ba sarƙa. Idan oda ta wani ce, a rubuta lambarsa a layin odar, a bar shi haka. Mai tambaya ya faɗi abin da yake so, injin ya nemo hanya da kansa. Kamfaninsa bai yi rawar jiki ba, don a lokacin IBM tana cin kasuwa da IMS, rumbun da aka gina a ƙarshen shekarun 1960 domin lissafin sassan kumbon Apollo. A 1974 aka haɗa Codd da Bachman muhawara a Ann Arbor ta jihar Michigan, kowa da mutanensa. Hujjar ɓangaren sarƙa mai ƙarfi ce: tebur yana da kyau a takarda, amma inji zai yi ta lalube kafin ya haɗa layi da layi.

Ni dai ra'ayina, Codd ya ci nasara ne saboda ya cancanta. Maganar rashin sauri injiniyoyi suka magance ta. A aikin System R na IBM, Donald Chamberlin da Raymond Boyce suka ƙirƙiro harshen da ya zama SQL, Patricia Selinger da abokan aikinta kuma suka nuna a 1979 yadda inji zai auna hanyoyi daban-daban ya zaɓi mafi arha. A wannan shekarar kamfanin Larry Ellison ya fara sayar da Oracle, IBM ta biyo baya da DB2 a 1983, SQL ya zama ma'aunin Amurka a 1986, na duniya a 1987. Da yanar gizo ta iso, ta tarar an gama yaƙin. ODBC ya fito a 1992, JDBC a 1997, dukansu hanyoyin da manhaja ke magana da rumbun tebur ne; MySQL da PHP kuma 1995. Mu da muka koyi aikin a kafen intanet, muna sayen awa muna roƙon kada a ɗauke wuta, ba mu taɓa jin sunan Bachman ba. A wurinmu rumbun bayanai tebur ne, tebur kuma shi ne rumbun bayanai.

Amma nasarar tana da farashi. A tsarin Codd, alaƙa ba hanya ba ce da aka shimfiɗa. Lambobi biyu ne da suka yi daidai, kuma sai lokacin tambaya inji ke haɗa su da umarnin JOIN. Taki ɗaya ko biyu, ba matsala. Matsalar tana zuwa ne idan ba a san yawan takin ba.

Na ga wannan da idona a wani aiki da na yi wa wata ƙungiyar ba da ƙananan rance ga 'yan kasuwa. Ƙa'idarsu, duk mai karɓar rance sai ya kawo wanda zai tsaya masa. Manajan ya kira ni wata rana, ya ajiye fom uku a gabana, ya ce, "Injiniya, duba nan. Wannan ya tsaya wa wannan, shi kuma ya tsaya wa wancan, wancan ɗin ya dawo ya tsaya wa na farko. Idan suka gudu, wa zan kama?" Na ce, "Ranka ya daɗe, waɗannan ukun ka gani da ido. Tambayar ita ce zobe nawa ne irin wannan mai mutum biyar ko bakwai da ido ba zai kama ba." A tebur, mutum uku na nufin haɗa teburin masu tsayawa da kansa sau uku, mutum bakwai sau bakwai, kowane tsawo da tasa tambayar. Ma'aunin SQL na 1999 ya kawo tambaya mai maimaita kanta, gaskiya ne, amma MySQL da muke amfani da shi bai same ta ba sai a sigar 8.0 ta 2018. Abin da muka yi, kamar yadda dubban masu manhaja suka yi, shi ne rubuta zagaye a ɓangaren bayan fage: tambayi rumbu wa wannan ya tsaya wa, karɓi amsa, sake tambaya a kan kowane suna, sake karɓa, riƙe jerin waɗanda aka wuce don kada a yi ta kewaya. Wato mun koma tuƙin Bachman da hannu, sai dai namu ya fi nasa muni, don kowane taki sai ya tsallaka waya zuwa saba ya dawo.

Wasu mutum uku a Suwidin, Emil Eifrem da Johan Svensson da Peter Neubauer, sun ci karo da irin wannan bango tun wajen shekara ta 2000, suna gina manhajar sarrafa takardu inda izinin wa zai ga me yake da rassa cikin rassa. Eifrem yakan ba da labarin cewa a jirgi, a hanyar zuwa Mumbai ta Indiya, ya zana tsarin a kan takardar goge baki: ƙulli, zare mai suna da alƙibla, kowannensu kuma yana iya ɗaukar siffofi. Suka kafa kamfani a Malmö a 2007, suka saki Neo4j kyauta ga kowa, sigar 1.0 ta fito a farkon 2010. A cikinsa kowane ƙulli yana riƙe da adireshin zarurrukansa, saboda haka taki daga mutum zuwa maƙwabcinsa bai dogara da yawan mutanen da ke rumbun ba. Wanda ya karanta Bachman zai gane fuskar nan take.

Har ma da aibin sun gado da farko. Neo4j na asali ɗakin karatu ne na Java da ake cusawa cikin manhajar kanta, mai rubutu yana bin zare ɗaya bayan ɗaya da umarninsa. Gremlin, harshen da Marko Rodriguez ya fara a 2009, shi ma galibi tafiya yake bayyanawa taki-taki. Abin da ya juya lamarin shi ne Cypher, wanda Andrés Taylor ya ƙirƙiro a 2011. A nan ba ka faɗin hanya, siffa kake zanawa, ƙulli a cikin baka, zare a matsayin kibiya. Tambayar manajan nan nawa, layi ɗaya ce:

MATCH (a:Mutum)-[:YA_TSAYA_WA*2..7]->(a) RETURN a

Ma'ana, nemo duk mutumin da idan aka bi zaren tsayawa daga kansa taki biyu zuwa bakwai za a komo kansa. Ajiyar ta Bachman ce, harshen kuwa tarbiyyar Codd ne. Sulhun da na ambata ke nan.

Ita ma hanyar haɗin tana da nata tarihin. Da aka fitar da rumbun daga cikin manhaja aka mai da shi saba mai zaman kanta, ta HTTP ake magana da shi a ƙofa ta 7474, ana aika JSON ana karɓar JSON. Kowane harshe yana iya wannan, amma nauyi gare shi, kuma 'yan sa-kai ne ke rubuta direbobin, kowa da salonsa. A watan Afrilun 2016, da sigar 3.0, aka kawo Bolt, yarjejeniyar magana ta ƙofa ta 7687, tare da direbobin kamfani na Java da JavaScript da Python da .NET. Idan ka leƙa abin da ke bin wayar, za ka ga direba yana fara sallama da lambobi huɗu, 60 60 B0 17, sannan ya jera sigogin yarjejeniyar da yake ji, saba ta zaɓi ɗaya ta amsa, sai a shiga gabatar da kai da aika tambaya da janyo sakamako kaɗan-kaɗan.

Abin da nake nanata wa yara a nan bai taka kara ya karya ba, amma shi ke raba manhajar da za ta rayu da wadda za ta faɗi ranar da mutane suka yi yawa. Direba ɗaya ake buɗewa a rayuwar manhaja, domin shi ke riƙe tarin layukan haɗi yana ba da aro; zama ne ake buɗewa ga kowace buƙata, a rufe da an gama. Abin da mai amfani ya rubuta ba a liƙa shi cikin tambaya, gefe ake miƙa shi, don allurar mugun umarni da ake yi wa SQL ana yi wa Cypher. Kalmar sirrin da rumbun ke zuwa da ita sunansa ce kawai, shi ya sa yake tilasta a sauya ta a shigar farko, kuma ƙofar ba ta kallon titi, sabar manhaja kaɗai ya kamata ta iya ƙwanƙwasa ta. Na ƙarshen ya fi shafar mu masu fama da sabis mai zuwa yana tafiya: direbobin suna sake gwada aikin rubutu idan layi ya katse, saboda haka sai a rubuta aikin yadda maimaita shi ba zai tura wa mutum saƙo sau biyu ba.

A wancan watan na Afrilun 2016 ne kuma duniya ta ga amfanin abin ba tare da ta san sunansa ba. Wani da bai bayyana kansa ba ya miƙa wa jaridar Süddeutsche Zeitung ta Jamus takardu miliyan 11.5 na ofishin lauyoyin Mossack Fonseca da ke Panama, masu bayanin kamfanonin ɓoye fiye da 214,000. Ƙungiyar 'yan jarida masu bincike ta ICIJ ta raba aikin ga ɗaruruwan 'yan jarida a ƙasashe da dama, a Nijeriya Premium Times ce ta shiga. Sashen bayanai na ƙungiyar, ƙarƙashin Mar Cabra, ya zuba sunayen mutane da kamfanoni da dillalai da adireshi cikin Neo4j, ya ɗora manhajar Linkurious ta Faransa a kai, yadda ɗan jaridar da bai san ko layi ɗaya na Cypher ba zai danna suna ya ga zarurruka sun buɗe. Ɓoye dukiya kuwa sana'ar tsawaita zare ce: kamfani ya mallaki kamfani, darakta na aro, adireshi ɗaya mai ɗauke da sunaye masu yawa. An fara buga labaran ranar 3 ga Afrilu. Kwana biyu bayan haka firaministan Iceland, Sigmundur Davíð Gunnlaugsson, ya sauka daga kujera saboda kamfanin Wintris, wanda ya sayar wa matarsa rabonsa a kan dala 1 a ranar ƙarshe ta 2009. A Pakistan, shari'ar da ta taso daga takardun ta kai ga kotun ƙoli ta tsige firaminista Nawaz Sharif a 2017.

Bayan wannan, 'yan talla suka ɗauki abin suka kai shi inda bai kai ba, kuma ina ganin ya kamata a rage musu hanzari. Facebook, mai zaren abota mafi girma da aka sani, ta bayyana a 2013 cewa tsarinta na TAO a kan MySQL yake zaune. GraphQL da ta saki a 2015, wanda yara da yawa ke rikitawa da wannan fanni saboda kamar suna, hanya ce ta magana tsakanin manhajar waya da saba, ba rumbu ba ne. Lissafin kuɗi, albashi, kayan sito, duk abin da amsarsa jimla ce, tebur ya fi dacewa da shi har gobe. A aikin masu rancen ma, ba mu taɓa teburin bashi ba. Sunaye da zaren tsayawa kaɗai muka kwafa daga baya zuwa rumbun ƙulli da zare.

Ɓangarorin biyu sun ƙarasa haɗuwa a ofishin ma'auni. An saki Cypher ga kowa a 2015, a 2019 ƙasashe suka amince a fara aikin harshe na bai ɗaya, a watan Afrilun 2024 kuma ISO ta fitar da GQL, sabon harshen rumbun bayanai na farko da ta amince da shi tun SQL a 1987. Ma'aunin bai taɓa maganar waya ba, ya tsaya a kan harshe, don haka haɗi har yanzu na kowane kamfani ne, ko da yake Memgraph da Neptune na Amazon sun koyi jin Bolt. Shekara ɗaya kafin GQL, kwamitin da ke kula da SQL ya ƙara masa sashen da ke ba da damar a kalli tebura a matsayin ƙulli da zare, a tambaye su da baka da kibiya, kuma Oracle, mai sayar da SQL tun 1979, ta sa shi a sigarta ta 23. PostgreSQL ma yana da ƙarin Apache AGE mai jin Cypher. Da yau aka kawo mini aikin masu rancen nan, sai na yi dogon nazari kafin in ƙara musu rumbu na biyu, domin kowane rumbu kuɗin saba ne duk wata, da kwafin ajiya da za a riƙa dubawa, da mutumin da za a tasa cikin dare idan ya faɗi.